Fakarar Taubashina

A ƙauyenmu, nan wajen Hamdara, in an gama yankan gero aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, akwai 'yan makonni da namiji yake rasa abin yi da hannuwansa. Gyaɗa ta shiga buhu, dawa tana jiran girbi, sanyi bai kankama ba, ba a kuma sakar wa shanun Fulani gonaki ba tukuna. A tsakanin nan fakara take ƙiba, don duk tsabar da ta zube a gona tata ce ita da kurciya. A tsakanin nan ne kuma ba a samun taubashina a gida.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggota ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Saboda haka tun muna yawo ba wando nake da izinin zaginsa, shi ma yake da izinin ramawa, kuma babu wanda ya taɓa barin nasa izinin ya yi tsatsa. Ni bawana nake kiransa. Shi yana ce mini ɗan lakwal, wato ɗan boko, saboda 'yan shekarun da na yi bisa benci kafin malamin ya gane ni, ni ma na gane shi, muka rabu lafiya. Abin da na fito da shi na Faransanci bai wuce "atansiyo", wato yi hankali, da "dakor", wato na yarda, ba, sai wannan rubutu da kuke gani. Amma a ƙauye irin namu ya isa a riƙa nemana duk ran da baƙi masu mota suka zo.

Shi maharbin kere ne. Kere, ga 'yan birni da ba su sani ba, guntun sanda ne mai lanƙwasa a kai, bai fi kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, ana jifa da shi ƙasa-ƙasa yana juyi. Nasa na icen aduwa ne, ya yi baƙi ya yi santsi don gumin hannu. To ga inda aikin yake. Kere ba ya huda, bugu yake yi. Abin da aka buge kuwa, in ya mutu kafin wuƙa ta kai wuyansa, ya zama mushe, malamai sun gama magana, sai dai a jefa wa kare. Don haka jifa rabin aikin mai kere ne, sauran rabin gudu ne. Ka jefa, ka bi keren tun bai sauka ba, wuƙa a hannu, bisimilla a baki. A zamanin ƙarfinsa na sha ganin bawan nan nawa ya kusa riga kerensa isa.

Tsufa ya zo mana tare, amma shi nasa ya zo da rakiya. Ciwon sukari ya kama shi, idonsa na hagu ya fara yana, gwiwa ta fara gaisuwa in zai tashi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna ci-rani, tuwonsa daga gidana yake fita. Sai 'yarsa ta fari, wadda take aiki a gidan likita a Damagaram, ita ce babba kan masu allura, abin da suke kira majo. Mu ma Majo muke ce mata. Wata kaka ta sauko daga kabu-kabu da jakarta, ta gaishe mu, ta auna jininsa, ta dubi abin awon, ta dube shi, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, na share maka ɗaki a gidana, can unguwar Zango ta Damagaram. Ga wuta, ga famfo, ga masallaci a ƙofar gida. Zaman nan naka kai kaɗai ya isa haka."

Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa duban idonta ya yi mata magana ba. Sai ya juyo wajena.

"Ɗan lakwal, gaya wa yarinyar nan ba ni zuwa."

Na gyara zama, na gyara murya. "Majo, ya ce ba ya zuwa."

"Na ji, Kawu. Da Hausa ya faɗa."

"To ni dai aikina nake yi."

"Tambaye ta," in ji shi, "a Zango akwai fakara?"

"Akwai zabo gasasshe a bakin tasha, Baba, ba sai ka bi shi da gudu ba."

"Gaya mata wanda yake ciyar da kansa daga daji ba a ɗaukarsa kamar buhun gawayi."

"Yaushe rabonka da kawo ko da kurciya?"

Wannan ban fassara ba, don ta shiga ba tare da taimakona ba. Ya murza gemu. Can ya ce in gaya mata, in ya kawo fakara kafin a saki gonaki, ta bar shi da ɗakinsa da kukarsa. In bai kawo ba, shi da kansa zai naɗe tabarmarsa ya bi ta.

Majo ta ɗan yi tunani, ta ce dakor. Amma kere nasa, hannu nasa, wuƙa tasa, kuma fakarar ta zama halal, ba mushe ba. Nan na gane yarinyar nan ba banza aka ba ta shugabancin allura ba. Jifa zai gwada idon, yanka zai gwada ƙafar, ita kuwa ta san babu ɗaya da ya rage masa cikakke.

"Shaida kuma Kawu ne," ta ce, "don na san ko saniya aka ba shi ba zai rufa maka asiri ba."

Na ji daɗin wannan yabo ƙwarai. Ina cikin jin daɗin ta miƙo hannu ta ce in ba ta wuƙar da ke damtsena. Na ce wuƙar nan tun kafin a haife ta take nan. Ta ce shaida ido gare shi, ba wuƙa ba. Ta jefa ta cikin jaka tare da allurai, ta hau kabu-kabu ta tafi.

Haka muka fara fita. Da an sallame asuba sai mu bi ta bayan rumbuna mu shiga gonaki, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando, ƙarangiya tana kama abin da raɓa ta bari. Wanda bai taɓa tafiya cikin gonar da aka yanke da sassafe ba, ban san yadda zan gaya masa ba. Kara a tsaye ba kai, wake yana yaɗo a ƙasa, gawo yana fid da sabon ganye lokacin da sauran itatuwa suke shirin zubar da nasu, don shi gawo kullum sai ya saɓa wa jama'a, kamar wani da na sani. Sai ka ji fakara daga bisa suri tana ƙaraji da muryar nan tata kamar ana goga tsohuwar ƙofar kwano. Da ya ji sai ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta koma ta saurayi.

Yana da ka'idodinsa, kuma kullum sai ya maimaita mini su kamar ban haddace ba. Ba a nufar fakara kai tsaye. Kewaya ta ake yi, kana duban wani wuri, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Ita ba ta son tashi, gudu take so, wuya a miƙe, tana bin kunya-kunya. Sai ta ga ba mafita take tashi, da fuka-fuki masu ƙara, kuma ba ta yin sama sosai. Wannan ɗan lokacin shi ne na kere. Ba kuma inda take ake jifa ba, inda za ta ake jifa.

"Kai kuma ka rufe bakinka," yakan ƙara.

"Ni ma'aikaci ne, bawana. Hukuma ce ta turo ni."

"Hukumar da ta ƙwace maka wuƙa."

Kwanakin farko dai, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, fakaru sun sha iska. Ya jefa ta dama suka tashi ta hagu, inda idon ba ya gani. Ya jefa gaba suka tashi a bayanmu. Wata safiya ya yi kewaye mai kyau, irin na littafi, ya sunkuya, ya saki kere, kere ya tafi yana kuka ya sami abin a tsakiyar ƙirji. Muka isa muka tarar baƙar leda ce ta maƙale a gindin sabara.

"Yanka ta da sauri," na ce, "kada ta mutu."

Ya ɗauki kerensa ya goge da bakin riga.

"Wannan za ta shiga rahoto," na ce.

"Ka rubuta. Wa zai iya karantawa?"

Mukan zauna gindin kalgo in rana ta ɗaga, mu sha fura daga gora, tasa ba sukari, yana sha yana ɓata fuska kamar magani. Daga nan ana hango duwatsun wajen Gaffati. A nan ne wata rana ya ce mini ya taɓa kwana biyu a Zango lokacin sunan jikansa, ya ce duk inda ya juya bango ne, in ya yi tari sai maƙwabci ya ce sannu. Na shirya masa amsa mai zafi, amma da na dubi yadda ya riƙe keren bisa cinya, sai na haɗiye ta da fura. Ni ma na fara lissafin da ban so ba. In ya tafi, wa zan zaga? Sauran tsofaffin garin duk surukaina ne ko malamai.

Ana nan bulama, mai garinmu, ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa an kusa sakin gonaki, kowa ya kwashe abin da ya rage masa. Da ma mun fara jin kukan shanu daga arewa. In suka shigo suka tattake kara, fakara sai ta koma can cikin daji mai nisa, inda gwiwar bawana ba ta kai wa.

Washegari bai bi hanyar da muka saba ba. Ya ja ni wani kwari da ke ƙarshen gonar liman, inda kaba ta yi duhu, ga suri babba a tsakiya. Ya ce yau ba da ido zai yi ba, da kunne zai yi. Ya sa na tsaya ta hagunsa, ya ce in taka a hankali in zagaya bayan surin, kada in yi komai sai tafiya. Na ce shaida ba ya kora. Ya ce ba kora ya ce ba, tafiya ya ce, ko hukuma ta hana tafiya? Na duba dokar a kaina, ban ga inda ta hana ba.

Na zagaya. Shi ya tsaya, kai a karkace, ido a lumshe, kere a bayan kunne. Ban ga komai ba sai da na ji fuka-fuki sun fashe a gabana, har na ce innalillahi. Fakaru biyu ne suka tashi. Kafin in rufe baki kere ya wuce ta gaban hancina yana juyi, na ji tim, gashi ya watse a iska, ɗaya ta wuce, ɗaya ta faɗo can bayan kaba.

Ban san lokacin da na ruga ba. Ni da na yi shekaru ban yi gudu ba sai ranar da kunama ta shiga wandona. Na tarar da ita a kwance, fiffike ɗaya a karye, ƙafa tana shure-shure, ido yana lumshewa. Na kai hannu damtse, babu wuƙa. Na waiwaya, ga shi can yana tahowa, yana jan ƙafa, wuƙa tsirara a hannu, da nisa tsakaninmu.

"Yanka!" yake ihu. "Yanka ta, ɗan lakwal, kada ta tafi a banza!"

"In na yanka ka faɗi!"

"Na faɗi ɗin! Yanka!"

"Da me? Da haƙori?"

Sai na sure ta na rungume a ƙirji na nufo shi. Jama'a, da akwai mai kallo a kwarin nan da ya sami abin ba jikoki labari. Tsoho biyu suna gudu suna nufar juna, ɗaya da tsuntsuwa, ɗaya da wuƙa, kowa yana zagin ɗan'uwansa. Hulata ta faɗi ban tsaya ba. Ina jin zuciyar fakarar tana bugawa a tafin hannuna, tana raguwa, ina ce mata atansiyo, atansiyo, don ruɗewa. Shi kuma ya bar hanya ya yanko ta gindin wata aduwa don ya rage nisa. Muka haɗu, ba tsayawa muka yi ba, karo muka yi, muka zube tare. Na riƙe ƙafafu da fiffike, ya lalubo wuyan, ya juya ta gabas, ya ce bisimillahi Allahu akbar.

Jini ya yi tsartuwa har bisa gemuna. Ta yi shure mai ƙarfi, sau da yawa, yadda mai rai yake yi.

Muka kwanta nan cikin kara muna haki. Da numfashi ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne gudun nawa irin na agwagwa ne. Na ce shi nasa irin na wanda ya ari ƙafafu ne bai san mai su ba.

Aka buga wa Majo salula, ta iso bayan la'asar. Mun rataye fakarar a inuwa, ba a fige ba, don ta ga yankan da idonta. Labari ya riga ya zaga gari, zauren gidansa ya cika. Na miƙe tsaye na ba da shaida yadda ake yi a gaban alƙali, ban rage komai ba, har ledar na saka. Ta saurara, ta juya tsuntsuwar, ta dubi wuyan.

"Wa ya fara isa wurinta, Kawu?"

"Ni."

"Wa ya kawo ta wurin wuƙa?"

"Rabi ni, rabi wuƙar ce ta zo."

"Gaya mata," in ji shi, yana duban bango, "kere nawa, hannu nawa, wuƙa tawa. Abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce a hana 'yan lakwal motsa jini ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba, don idonta yana kan ƙafarsa ta dama. Ta durƙusa ta ce Baba, miƙo. Ta zare takalmin robar, sai ga cikinsa ya yi ja ya bushe. Ta sa aka kawo ruwa, ta wanke, ta ɗauko ɗan hantsaki daga jaka. Abin da ta zaro ƙayar aduwa ce, ta kusa tsawon ɗan yatsa, ta huda roba ta shige tafin ƙafa. Da ita ya yi sauran gudun, da ita ya tako har gida, da ita ya yi azahar. Ko da take zarowa bai motsa ba, yana ta ba liman labarin jifa.

Ta ɗora ƙayar bisa tafin hannunta ta miƙa gabansa. Ya dube ta, ya dubi ƙafar, ya daɗe.

"Ɗan lakwal," ya ce a hankali, "tambaye ta, wannan daga ƙafar wa ta fito?"

Ban tambaya ba. Ita ce ta yi magana, tana naɗa bandeji, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce abin da ciwon yake yi ke nan, yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka wuta bai sani ba. Ta ce ta ga ƙafafu da yawa da suka fara da ƙaya suka ƙare a hannun masu yanka. Ta ce ta karɓi fakarar, magana ta riga ta fita daga bakinta, ba za ta ɗauke shi da ƙarfi ba, ɗakinsa nasa ne.

"Amma ƙafar nan, Baba, da ita zan tafi Zango, sai ta warke. Kai in ka ga dama ka zauna."

Ya murza gemu. Ya dubi fakarar da ke rataye, ya dubi ƙafar da ta koma fara fat da bandeji.

"Gaya mata zan raka ƙafata. Rakiya ce, ba ƙaura ba. Ka faɗa mata da kyau, da Faransanci in ka iya."

Uwargidana ce ta dafa fakarar da yammacin nan, da albasa da ɗan yaji. Kowa ya san fakara ba ta da wani nama, ga mutane cike da zaure, sai da aka bi ta da tuwo mai yawa kafin ta zagaya. Ni wuya aka ba ni, wai ladan dako. Majo ta ci cinya, ta ce ta yi tauri, ta kuma miƙa hannu ta ɗauki ɗayar.

Ya yi sanyin shekarar nan a Zango. Na je duba shi na tarar ya kafa majalisa a ƙofar kantin wani Bakano mai sayar da atamfa, yana koya wa mutanen da ba su taɓa ganin suri ba yadda ake kewaya fakara, da muciyar gidan a hannu maimakon kere. Bakanon ya ja ni gefe ya ce, don Allah Alhaji, yaushe za ku zo ku ɗauki kayanku?

Kafin zafi ya shigo ƙafa ta rufe, ya dawo ɗakinsa, kuma har yau yana ciki. Sai dai ya dawo da doka da takalma. Dokar ita ce kullum kafin magariba a duba tafin ƙafafunsa da tsakanin yatsu. Takalman kuwa irin na soja ne, masu igiya har ƙwauri, kowanne ya yi nauyin turmi, kuma suna da wani ƙiƙi-ƙiƙi da ba man da ya iya kashe shi.

Bana ma mun fita, da aka kai gero rumbu. Tun muna bakin gonar liman fakarun kwarin suka ji sojoji sun taho, suka tashi gaba ɗaya, muna kallo suka tsallake kaba suka ɓace. Ya tsaya ya bi su da kunne har ƙarar ta mutu. Sannan ya nemi gindin surin ya zauna, ya miƙe takalman gabansa.

"Sun yi ƙiba bana," ya ce. "Ka ji nauyin tashinsu? Miƙo furar nan."